Sidi 3,350 da Ba Wanda Ya Ci: Nazarin Lissafin Wani Shagon Hatsi a Aboabo

Bayan la'asar aka aiko yaro ya kira ni, kuma tun daga bakin ƙofar shagon na gane ba lafiya ba. Alhaji na zaune a kan buhun masara yana jan carbi, bai ce uffan ba. Babban ɗansa na tsaye, waya a hannu. Yaron shago ya rakuɓe bayan sikeli, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ɗalibata kuwa ta ɗora kwamfuta a kan benci, ta zuba wa lamba ɗaya ido kamar kallo zai sa ta canza: 14,600.

Ga abin da ake jayayya a kai. Matan da ke sayar da waakye (shinkafa da wake) da koko a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi a Ghana suna ɗaukar wake da shinkafa da gero bashi a shagon, su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Yaron shago ne ke zagayawa ya karɓo, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya kawo wa Alhaji. Alhaji ya ƙirga, ya faɗa wa yarinyar, ita kuma ta shigar a kwamfuta, kuɗin ya shige aljihu ya gauraye da cinikin ranar. Ƙarshen wata ya zo, littafin yaro ya ce ya karɓo sidi 17,950, kwamfuta ta ce abin da ya miƙa 14,600 ne. Giɓin sidi 3,350 ke nan. Ɗan Alhaji ya riga ya yanke hukunci. "Baba, kwamfuta ba ta ƙarya. Mutum ne ke ƙarya."

Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma na daidaita alƙaluman domin mai karatu ya iya bin lissafin da ka. Amma kafin in faɗi inda kuɗin ya shiga, sai na koma baya wata uku, domin laifin ya faro ne daga ajina.

Ina koyar da kwamfuta da yamma a wata makaranta a cikin zango. Yarinyar ta gama sakandare tana jiran sakamako, kuma 'yar ƙanwar Alhaji ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da suna ba, sai "Uwata". Shi ya kawo ta da kansa. Dalilinsa a fili yake. Shekarar 2022 ta gigita 'yan kasuwar Ghana, a watan Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, farashin da ka saro da shi a Ejura ko Techiman wannan makon ba shi za ka tarar mako mai zuwa ba. Alhaji ya shekara fiye da talatin yana lissafi da ka, da wani littafi da yake rubutawa da ajami, bai taɓa kuka ba. Amma sake lissafin komai daga farko duk lokacin da kuɗin mota ya tashi ya gajiyar da shi. Abin dariya, irin wannan gajiyar ce ta haifi manhajar lissafi irin su Excel tun asali. Dan Bricklin yana ɗalibi a makarantar kasuwanci ta Harvard ya riƙa ganin malami na goge allo yana sake lissafi saboda lamba ɗaya ta canza, shi da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979. Excel ta zo a 1985. Duk amfanin abin ke nan: ka canza lamba ɗaya, sauran su gyara kansu.

Rubuta fomula bai ɗauke ta mako guda ba. Na nuna mata fallen kamar dara ne, gida-gida. Waɗanda ke jere gefe da gefe muka kira su sahu, kamar na salla, kowane sahu da lambarsa. Waɗanda ke bin juna daga sama zuwa ƙasa muka kira su layi, kowane layi da harafinsa. Gidan da ke layin B a sahu na 2 sunansa B2. In kana son gida ya yi lissafi, ka fara da alamar daidai. Tauraro shi ne "sau", sanda mai jirge ita ce rabawa. Kada ka rubuta lambar kanta in tana zaune a wani gida, ka kira sunan gidan. Ta haddace SUM da AVERAGE da MAX da MIN, wato jimla da matsakaici da mafi girma da mafi ƙanƙanta, a zama biyu. Na yi murna, na ce wa Alhaji 'yarsa ta iya. A nan na yi kuskure, domin abin da na koya mata rabin aiki ne. Ta iya ba kwamfuta umarni, amma ba ta san yadda za ta tuhumi amsar da kwamfuta ta ba ta ba.

Hannunka mai sanda na farko ya zo da lodin masara. Buhu 40, kowane buhu sidi 500, kuɗin mota 30 a kan kowane buhu. Ta sa 40 a B2, 500 a C2, 30 a D2, sannan ta rubuta =B2*C2+D2. Amsa ta fito 20,030. Ta karanta wa kawunta cikin jin daɗi. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Uwata, direba kaɗai na ba shi miliyan sha biyu da hannuna. Ina suka shiga?"

Dole in tsaya a kan wannan "miliyan". A watan Yulin 2007, zamanin shugaba John Kufuor, Babban Bankin Ghana ya yanke sifili huɗu daga kuɗin ƙasar, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Takardar kuɗi ta canza, bakin manya bai canza ba. Har yau in dattijo a kasuwar Kumasi ya ce miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. Miliyan sha biyun Alhaji sidi 1,200 ne, wato 40 sau 30. Kuma gaskiyarsa. Kwamfuta tana bin ƙa'idar da aka koya mana a firamare muka manta: abin da ke cikin baka tukuna, sannan sau da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa. Sai ta ninka 40 da 500 ta sami 20,000, ta ɗora 30 sau ɗaya tak, kamar buhu ɗaya kawai ya hau mota, sauran 39 suka tako da ƙafa daga Ejura. Abin da yarinyar ke nufi shi ne =B2*(C2+D2), wanda ke ba da 21,200. Baka biyu, sidi 1,170.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ta ce ai ta gwada. Na tambaye ta yaya, ta ce ta sa buhu 1, amsa ta fito 530, daidai. Lallai daidai ne, amma 1 mugun shaida ne, domin duk abin da ka ninka da 1 yana nan yadda yake, fomula mai baka da marar baka amsa ɗaya za su ba ka. Na ce ta sa 0. Ta sa, gidan ya nuna 30. Na ce, "Ba a sayi buhu ko ɗaya ba, wa za a biya kuɗin mota?" Ta yi dariya ta rufe baki. Daga ranar muka ɗauki al'adar gwada kowace sabuwar fomula da 0 da 2 da 10, lambobin da mutum zai iya bi da ka. Muka kuma ƙara wata: ta karanta fomular da Hausa da babbar murya kafin ta danna Enter. "Buhuna sau kuɗin saye, sannan a ƙara kuɗin mota" da "a haɗa kuɗin saye da na mota, sannan a ninka da buhuna" ba magana ɗaya ba ce, kuma kunne na kama bambancin da ido ke tsallakewa.

Tsohon kuɗin nan ya ba mu darasi na biyu. Tunda Alhaji da miliyan yake magana, sai muka ware layin B na abin da ya faɗa, layin C na sabon kuɗi, muka ajiye 10000 a gidan H1. A C2 ta rubuta =B2/H1, miliyan biyar ta koma 500. Ta kama kusurwar gidan ta ja ƙasa don fomular ta sauka sauran gidajen, sai duk sauran gidajen suka cika da #DIV/0!. Ta ɗauka ta lalata kwamfutar.

Bayanin da ya shige ta shi ne na kwatance. Idan ka rubuta H1 a cikin C2, manhajar ba sunan gidan take riƙewa ba, hanyar zuwa gidan take riƙewa: gida biyar dama, sahu ɗaya sama. Kamar ka ce wa baƙo "gida na biyar a damanka". In ya matsa gaba ya bi wannan kwatancen, wani gida zai faɗa. Da fomular ta sauko C3, biyar dama ɗaya sama ya zama H2, wanda ba komai a ciki, kuma ba a raba abu da babu. Ga B2 wannan halin shi muke so, B2 ya zama B3, ya zama B4. Ga H1 kuwa turke ake kafa masa kamar akuya, a rubuta $H$1, ko a danna maɓallin F4 ya sa alamun da kansa. Duk inda ka ja fomular, tana ɗaure a wurin.

Na gaya mata a ranar cewa ta gode wa Allah da H2 ba komai a ciki. Mun yi niyyar sa canjin sefa a wurin, saboda waken da ke zuwa daga Nijar da jika ake cinikinsa, wato sefa dubu. Da akwai, a ce, 20 a gidan, C3 ba zai yi kuka ba, zai raba miliyoyin da 20 ya fito da lamba mai tsabta wadda ba ta da alaƙa da gaskiya. Saƙonnin kuskuren da ke tsorata ɗalibai abokai ne. #DIV/0! na cewa an raba da babu. #VALUE! na cewa ka sa rubutu a wurin lamba. #NAME? na cewa ba ta san kalmar ba, galibi an rubuta SUM ba daidai ba. #REF! na cewa ka goge gidan da fomular ke dogara da shi. Jerin #### kuwa ba ma kuskure ba ne, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan. Duk waɗannan suna ihu. Wanda ke cutarwa shi ne kuskuren da ya sa riga mai kyau ya zauna shiru. Na faɗi wannan, ta gyaɗa kai, ni ma na ɗauka faɗa ya wadatar.

Mu koma shagon. Abin da ya hana a kori yaron a ranar ba ni ba ne, ba kuma kwamfuta ba. Alhaji ne. Da na gaishe shi na zauna, ya ce, "Malam, ni ban iya abinku ba. Amma yaron nan kullum yana kawo mini miliyan bakwai, wata rana ta ɗara, wata rana ta gaza. Ka cire Lahadi, kwana ashirin da shida ke nan. Hannuna ya san abin da ya karɓa, kuma ya fi abin da akwatin nan ke faɗa." Sidi 700 sau 26 ya kama 18,200. Littafin yaro na cewa 17,950, kwamfuta na cewa 14,600. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mutumin da bai taɓa danna Enter ba ya yi abin da ya kamata mu yi tun farko, wato ya kintaci amsa ta wata hanya dabam, sannan ya gwada ta da wadda aka ba shi.

Na ƙi taɓa kwamfutar. Na ce wa yarinyar ita ta rubuta, ita za ta bincika. Jimlar tana sama a gefe, a gidan F1. Na ce ta shiga gidan ta danna maɓallin F2. Fomular ta bayyana, =SUM(C2:C40), kuma wani shuɗin layi ya kewaye gidajen da ake tarawa. Na ce ta gangara ta ga inda shuɗin ya tsaya. Ya tsaya a sahu na 40. Rubutunta kuwa ya kai sahu na 44. A farkon wata ta ƙiyasta ba za a wuce sahu 40 ba, watan ya zo da ciniki, sahu huɗu na ƙarshe suka faɗa waje: 700, 500, 800, 300. Jimlarsu 2,300. Ta mayar da C40 zuwa C44, lambar ta tashi zuwa 16,900.

Ɗan Alhaji ya ce, "To, saura 1,050. Wannan fa?" Ban ga laifinsa sosai ba, tambaya ce da ta dace, sai dai yana yinta yana kallon yaron, ba kwamfutar ba.

Na ce wa yaron ya ƙirga rubutun da ke littafinsa. Ya ƙirga da yatsa mai rawa, 43. Daga sahu na 2 zuwa na 44 ma 43 ne, saboda haka ba a tsallake ko ɗaya ba. Sai na koya mata abu biyu da ya kamata in koya mata tun watan farko. COUNTA na ƙirga duk gidan da ke da wani abu a ciki, ko mene ne. COUNT na ƙirga gidajen da ke da lamba kawai. Ta rubuta =COUNTA(C2:C44), 43. Ta rubuta =COUNT(C2:C44), 41. Gida biyu ke nan da mu muke ganin lamba, kwamfuta ke ganin rubutu. Nemo su bai yi wuya ba, domin in ba a canza tsari ba lamba na jingina dama, rubutu na jingina hagu. A sahu na 17 ta rubuta "600 momo", don ta tuna matar ta turo ne ta waya. A sahu na 29 ta rubuta 450 ranar da aka ɗauke wuta ta yi aiki da wayarta, yatsa ya zame, sifilin ƙarshe ya zama harafin o. Ɗari shida da ɗari huɗu da hamsin, 1,050. Ta gyara su, F1 ya nuna 17,950.

Akwai wani hali na SUM da ya dace kowane ɗalibi ya sani. Da ta tara gidajen da alamar tarawa, C2+C3+C4 har ƙasa, da manhajar ta yi ihu da #VALUE! tun ranar da aka rubuta "600 momo". SUM kuwa mai kawaici ce, in ta ga rubutu sai ta tsallake ta wuce ba tare da ta faɗa wa kowa ba. An gina ta haka ne don kada kanun layi ya hana ta aiki. Sauƙin da ta kawo shi ne ramin da ta haƙa.

Yarinyar ta fashe da kuka, ba don an yi mata faɗa ba, ba wanda ya yi. Ta ce, "Kawu, saura kaɗan in sa a kira bawan Allah ɓarawo." Don in rage mata nauyi na ba ta labarin wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, waɗanda bincikensu na 2010 a kan bashin ƙasashe ya yi tasiri a muhawarar tsuke bakin aljihu a Turai da Amurka. A 2013 wani ɗalibin jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi fallen Excel ɗinsu ya ga fomular matsakaici ta tsaya kafin ƙarshen jeri, ƙasashe biyar cikin ashirin sun faɗa waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Kuskurenta ne sak. Ta share hawaye ta ce su ai ba yaron shagonsu aka kusa kora ba. Ban sami amsa ba.

Alhaji ya kira yaron da kansa a gaban kowa, ya ce zato zunubi ne, a yafe. Ɗansa ma ya ba da haƙuri, a taƙaice. Yaron ya ce ba komai. Amma na lura tun daga lokacin ba ya miƙa kuɗi sai yarinyar ta sa hannu a littafinsa, kuma ya daina zama cin abinci tare da ɗan Alhaji. Lamba ta gyaru cikin minti ashirin, wannan kuwa har yanzu yana nan.

Gyaran da muka yi wa fallen ba shi da yawa. Jimla ta koma =SUM(C2:C500), don kada wata mai albarka ya sake wuce iyaka. Aka buɗe layin D na bayani, duk wani "momo" ko "saura gobe" can zai tafi, layin kuɗi lamba zalla. Muka sa wa layin C sharaɗin da ke ƙin karɓar duk abin da ba lamba ba. Kusa da jimlar muka ajiye mai gadi: =IF(COUNTA(C2:C500)=COUNT(C2:C500),"Lafiya","Duba"). Alhaji ba ya karanta boko sosai, amma ya koyi bambanta kalmomin nan biyu, kuma kowace safiya sai ya leƙa. Sannan kowace Alhamis ana gwada jimlar kwamfuta da littafin yaro, ba a jiran ƙarshen wata. Giɓin kwana shida ana tuna inda ya fito, na kwana talatin sai a fara kallon mutane.

Gyaran da ya fi wuya nawa ne. Na duba yadda nake koyarwa na ga duk aikin da nake ba ɗalibai iri ɗaya ne: ga lambobi, rubuta fomular da za ta ba da kaza. Ɗalibi ya rubuta, lamba ta fito, ba saƙon kuskure, ya ɗaga hannu ya ce ya gama. Ni da kaina na koya musu cewa fitowar lamba ita ce alamar nasara. Yanzu rabin darasi na juya shi. Ina rubuta fomula a allo, kwamfuta a rufe, in ce su gaya mini amsar. =2+3*4 mutum nawa ke cewa 20 maimakon 14, sai ka gani da idonka. =10-4-3 da =10-(4-3), ɗaya 3 ɗaya 9. =20/2*5, wasu na cewa 2, alhali sau da rabawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bi zuwa dama, amsar 50. Sai sun faɗi nasu sannan a buɗe a gwada. Ina kuma ba su falle da na lalata da gangan, in ce akwai kuskure uku, ba ko ɗaya da ke ihu, ku nemo. Akwai maɓalli a Excel mai suna Evaluate Formula da ke warware fomula taki-taki, kana ganin wane yanki aka fara lissafawa. Yana da amfani, ina nuna shi. Amma na lura ɗalibin da bai kintaci amsa ba tun farko yana danna shi har ƙarshe yana gyaɗa kai, bai ga komai ba, domin ba shi da abin da zai gwada da shi.

A nan ne nake ganin 'ya'yan zango suna da jarin da ba mu amfani da shi. Yarinyar da ta tashi tana talla ta san canjin sidi hamsin kafin mai saye ya gama zaro kuɗin. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano da ƙwarya suke ƙirga, ɗari-ɗari, ba takarda ba biro. Sai yaro ya zauna gaban kwamfuta ya ajiye wannan duka a bakin ƙofa kamar takalmi, ya karɓi duk abin da gilashi ya nuna masa. Ƙa'idar da na kafa mata bayan wannan rikicin guda ɗaya ce, kuma daga bakin kawunta na ɗauko: kafin ki danna Enter, ki rubuta a gefen takarda abin da kike zaton zai fito. In amsar ta yi nisa da zatonki, ɗayanku ya yi kuskure, kada ki tashi sai kin san wane ne.

Wajen mako shida bayan haka Alhaji ya haɗa masara kashi biyu a shago. Akwai buhu 40 ɗin nan da suka tsaya masa 530 kowanne, sai wasu 10 da ya saro daga baya da tsada, 620 har da kuɗin mota. Yana son sanin nawa buhu ɗaya ya tsaya masa in an gauraya, don ya san inda zai sa farashi. Ina shagon a ranar, kuma don in nuna gwaninta na jawo kwamfutar na rubuta AVERAGE a kan gidajen farashin biyu. Ta ba da 575. Ba rubutu a gidan lamba, iyaka ba ta gaza ba, mai gadi na cewa "Lafiya". Na juya zan faɗa wa Alhaji.

Ta ce, "Malam, dakata." Tana kallon gefen takardarta. "Masu arha sun fi yawa, ya kamata amsar ta fi kusa da 530. Wannan ta tsaya a tsakiya daidai." Ta ɗauki biro. Buhu 50 sau 575 ya kama 28,750. Abin da kawunta ya kashe kuwa 21,200 da 6,200, wato 27,400. "Ina sauran 1,350 suka fito?"

Ba su fito daga ko'ina ba. AVERAGE ta ga lamba biyu ta raba biyu, ba ruwanta da cewa ɗaya na wakiltar buhu 40 ɗaya 10. Fomular ba ta da aibu, tambayar da na yi mata ce ba ita Alhaji ya yi ba. Da an bi tawa, da ya ɗora ribarsa a kan sidi 27 na bogi a kowane buhu, masu koko su tsallaka shagon maƙwabci. Ta karɓi kwamfutar daga hannuna da ladabi, ta raba jimlar kuɗi da jimlar buhuna, gidan ya nuna 548.

Alhaji ya ce, "Uwata, ki faɗa mini da Hausa."

Ta ce, "Miliyan biyar da dubu ɗari huɗu da tamanin, Kawu."

Ya ja carbi biyu, ya dubi rufin shago, leɓensa na motsi. Sannan ya ce wa yaron ya sauko da buhu ɗaya, mai koko na jira a waje.